Yadda Na'urar Rada Ke Gano Juyawar Iska A Cikin Hadari

Rada wata na'ura ce da ma'aikatan hasashen yanayi ke amfani da ita domin leƙa cikin hadari tun yana nesa, su san yawan ruwan da yake ɗauke da shi, da inda ya dosa, da kuma irin iskar da ke kaɗawa a cikinsa. Daga cikin abubuwan da take iya ganowa, babu wanda ya kai juyawar iska muhimmanci ga rayukan jama'a, domin hadarin da cikinsa ke juyawa shi ne ke haifar da mahaukaciyar guguwar nan da ake kira tonado, tare da manyan ƙanƙara da iska mai rusa gini. A ƙasar Amurka aka fi bunƙasa wannan ilimi, inda ake samun irin wannan guguwa kimanin 1,200 a kowace shekara. Saboda haka yawancin misalan da za mu kawo daga can suke, kafin mu juyo ga abin da ya shafe mu a nan gida.

Tun da farko ya kamata mu rarrabe tsakanin abubuwa biyu da muke kira da suna ɗaya. Guguwar da muka saba gani da rani da bazara, wadda ke tasowa a fili da tsakar rana ta kwashe ƙura da karmami, zafin ƙasa ne ke haifar da ita, kuma sau da yawa sama tana nan tas babu ko girgije. Cikin 'yan mintoci take mutuwa. Ita kuwa tonado 'yar hadari ce. Tana miƙewa ne daga gindin girgije har ta taɓa ƙasa, kuma ƙarfinta yakan kai ta ɗaga mota ko ta share gidan bulo daga kan harsashinsa. A ranar 26 ga Afrilu, 1989, wata irinta ta hallaka mutane kimanin 1,300 a ƙasar Bangaladash.

Yadda rada ke aiki

Na'urar tana da wani babban faranti da ake ɗorawa a kan hasumiya, a lulluɓe shi da farin ƙoƙo mai kama da ƙwallo domin kare shi daga iska da ruwa. Farantin yana zagayawa yana harba igiyar rediyo a gutsure, sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda, sa'an nan ya saurara. Idan igiyar ta ci karo da ɗigon ruwa ko ƙanƙara a cikin girgije, wani ɓangarenta yakan dawo, tamkar yadda amsa-kuwwa ke dawo wa wanda ya yi kira a gindin dutse. Tun da an san gudun igiyar, wato kilomita 300,000 a daƙiƙa, lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo shi ke nuna nisan hadarin. Ƙarfin abin da ya dawo kuma shi ke nuna yawan ruwan da girman ɗigonsa. Bayan kowane zagaye farantin yakan ƙara ɗaga kai kaɗan, har ya yanka hadarin hawa-hawa daga ƙasa zuwa sama. Kammala wannan duba yakan ɗauki minti 4 zuwa 6.

Radar farko iyakarta ke nan, ta nuna inda ruwa yake. Duk da haka ta ba da alama ɗaya mai amfani. A ranar 9 ga Afrilu, 1953, ma'aikatan wata hukumar binciken ruwa ta jihar Ilinoi sun ga wani hadari a kan allon radarsu ya fitar da jela lanƙwasasshiya kamar lauje, aka kuma tabbatar daga baya cewa daidai wurin ne tonado take. Dalilin wannan siffa shi ne iskar da ke juyawa tana janyo ruwan sama ta naɗe shi a bayan hadarin. Har yau ana lura da alamar lauje, sai dai ba abin dogara ba ce ita kaɗai. Wani hadarin yakan nuna lauje bai haifi komai ba, wani kuma ya yi ɓarna ba tare da ya nuna shi ba.

Abin da ya sauya lamarin shi ne wata ƙa'ida da masanin ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, ya bayyana a shekarar 1842. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi ya ji ta da kunnensa: idan mota ta taho tana ham, ƙarar takan yi siriri, da zarar ta wuce sai ƙarar ta yi kauri. Haka igiyar rada take. Wadda ta dawo daga ɗigon ruwan da ke tahowa wajen na'urar ta bambanta da wadda ta dawo daga ɗigon da ke nisantarta, kuma daga wannan ɗan bambanci kwamfuta ke lissafa gudun ɗigon. Da yake iska ce ke ɗauke da ɗigon, an san gudun iskar ke nan. Irin wannan na'ura ita ake kira radar Dofla. A kan allo, bisa al'ada, kore yana nufin iskar da ke tahowa wajen rada, ja kuma iskar da ke tafiya.

Akwai wani sharaɗi a nan da ya kamata a riƙe. Radar Dofla tana auna tahowa da tafiya ne kawai. Iskar da ta gitta ta gabanta, ba ta matso ba kuma ba ta nisanta ba, a wurin na'urar daidai take da iskar da ke tsaye.

Yadda hadari ke fara juyawa

Uwargida idan za ta burga miya takan sa maburgi tsakanin tafin hannuwanta biyu, ta tura ɗaya gaba ta ja ɗaya baya, sai maburgin ya juya. Haka ke faruwa a sararin sama idan iskar da ke kusa da ƙasa da wadda ke can sama suka saɓa a gudu ko a alkibla. Iskar da ke tsakaninsu takan naɗe tana mirginawa a kwance. Idan hadari ya haɗu a irin wannan rana, iska mai zafi da laima da ke hawa cikinsa da ƙarfi takan ɗaga wannan naɗin ta tsayar da shi, sai ya zamana ita kanta iskar da ke hawa tana juyawa. Faɗin wannan sashe mai juyawa, wanda za mu kira cibiyar juyi, yakan kai kilomita 2 zuwa 10. Hadarin da ke da irin wannan cibiya shi ne gawurtaccen hadari. Hadari na yau da kullum yakan zubar da ruwansa ya watse cikin sa'a guda, amma gawurtacce yakan yi sa'o'i da dama yana tafiya, domin ruwansa yana zuba a gefe guda, bai toshe hanyar iskar da ke ciyar da shi ba.

To, ta yaya na'urar da ke ganin tahowa da tafiya kawai za ta gane juyi? Mai karatu ya dubi mazari yayin da ake kaɗi. Gefensa ɗaya yana tahowa wajen mai kallo, ɗaya gefen kuma yana tafiya. Haka cibiyar juyi ke bayyana a allo: kore mai haske da ja mai haske suna manne da juna kafaɗa da kafaɗa, a nisa ɗaya daga na'urar. A arewacin duniya yawancin irin waɗannan hadurra suna juyawa ne saɓanin tafiyar hannun agogo, saboda haka idan mutum ya tsaya inda rada take ya fuskanci hadarin, koren yana hagu, jan yana dama. Gwargwadon yadda launukan biyu suka yi haske kuma suka matsi juna, gwargwadon tsananin juyin ke nan.

Matsayin launukan yana da muhimmanci ƙwarai, kuma a nan ne sabon ma'aikaci ke yawan kuskure. Idan kore da ja suka jeru ɗaya a bayan ɗaya a kan layin da ya miƙe daga rada, wannan ba juyi ba ne. Ko dai iska ce ke haɗuwa wuri guda, ko kuma tana tarwatsewa. Har ila yau, da yake hadarin kansa yana tafiya, sai an cire gudunsa daga lissafin kafin juyin ya fito sosai, in ba haka ba hadarin da ke gudu zuwa wajen rada duk jikinsa zai zama kore. Bayan haka ma'aikaci ba ya yanke hukunci da hoto ɗaya. Yakan duba ko juyin yana da ƙarfi, ko ya miƙe a tsaye har kimanin kilomita 3, ko kuma ya daɗe har an sake ganinsa a duba na gaba.

Ranar Yuniyon Siti

Cibiyar binciken manyan hadurra ta Amurka, wadda aka kafa a garin Noman na jihar Oklahoma a 1964, ita ce ta jagoranci wannan aiki. A ranar 24 ga Mayu, 1973, wata tonado ta afka wa ƙaramin garin Yuniyon Siti, radar Dofla ta cibiyar tana dubanta, wasu ma'aikata kuma suna bin ta a mota suna ɗaukar hoto. Da aka zauna aka gwada bayanan biyu, sai masana irin su Rodger Brown, Donald Burgess da Leslie Lemon suka gano wani ɗan wuri a cikin hadarin inda iska mai tsananin gudu zuwa da mai tsananin gudu tafiya suka yi maƙwabtaka babu tazara. Wannan shi ne tambarin guguwa, wanda ya fi cibiyar juyi ƙanƙanta da tsanani. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne tambarin ya bayyana a can tsakiyar girgije kimanin minti 20 kafin guguwar ta taɓa ƙasa. Ma'ana, akwai damar a yi wa mutane gargaɗi.

Wannan ya sa gwamnatin Amurka ta shimfiɗa jerin radar Dofla da ake kira NEXRAD a cikin shekarun 1990, guda kimanin 160, kowace da faranti mai faɗin mita 8.5. Wani nazari da aka buga a 2005 ya nuna cewa bayan kafa su, guguwar da aka riga aka yi gargaɗi kafin isowarta ta tashi daga kashi 35 zuwa kashi 60 cikin ɗari, lokacin da jama'a ke samu kuma ya ƙaru daga kimanin minti 5 zuwa kusan minti 10. Wani zai ga minti 10 ba wani abu ba ne. Amma ya ishi malami ya fitar da ɗalibai daga aji mai tagogi zuwa ɗakin tsakiya, ya kuma ishi iyali su sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Tsakanin 2011 da 2013 an ƙara wa waɗannan na'urori wata fasaha ta harba igiya biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, domin a san siffar abin da igiyar ta taɓa. Ɗigon ruwa duk kusan kamarsu ɗaya, amma katako da kwano da ganye da guguwa ta yi sama da su kowane da siffarsa. Idan aka ga irin wannan tarkace daidai inda kore da ja suka haɗu, an tabbatar guguwar tana ƙasa tana ɓarna, ko da dare ne ko ruwa ya rufe ta. Sai dai wannan alama shaida ce ta abin da ya riga ya fara, amfaninta ga garuruwan da ke gaba ne.

Inda na'urar ke gazawa

Bai kamata a ɗauka rada tana ganin komai ba. Matsala ta farko ita ce duniya a lanƙwashe take, igiyar kuma kusan a miƙe take tafiya, saboda haka tana ƙara nisa tana ƙara barin ƙasa. Ko da an sunkuyar da farantin zuwa rabin digiri, a nisan kilomita 100 igiyar tana bin kimanin kilomita 1.5 a sama, a nisan kilomita 200 kuwa ta haura kilomita 4. Duk abin da ke ƙasa da haka ya ɓoye, alhali kuwa a nan ƙasan ne guguwa ke yin aikinta. Na biyu, igiyar tana buɗewa kamar hasken tocila. A nisan kilomita 100 faɗinta ya kusa kilomita 2, yawancin tonado kuwa faɗinsu bai wuce 'yan mitoci ɗari ba. Don haka a mafi yawan lokaci uwar ake gani, wato cibiyar juyi, ba guguwar kanta ba. Akwai kuma iyakar gudun da na'urar ke iya aunawa, wanda idan iska ta zarce shi sai launin ya birkice, ja ya fito a matsayin kore, har sai kwamfuta ta gyara.

Babbar matsalar ita ce ba kowace cibiyar juyi ke haihuwa ba. Bincike ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke kaiwa ga tonado, kuma da yawa daga cikin guguwar suna fara ƙarfi ne daga kusa da ƙasa, ba su bin tsarin Yuniyon Siti. Wannan ya sa kimanin kashi 70 cikin ɗari na gargaɗin tonado a Amurka ke wucewa ba tare da an ga guguwa ba. Ma'aikacin yana tsakanin abu biyu ne masu nauyi: idan ya jira tabbaci zai makara, idan ya yawaita gargaɗi jama'a za su daina saurare. A garin Joflin na jihar Mizuri, ranar 22 ga Mayu, 2011, an yi gargaɗi minti 17 kafin guguwar ta sauka, amma duk da haka mutane 158 suka rasu, kuma binciken da ya biyo baya ya gano da yawa ba su nemi mafaka da jin jiniyar farko ba, sai da suka nemi ƙarin tabbaci. A ganinmu wannan darasi ya fi duk bayanin na'ura amfani ga jami'in ƙaramar hukuma. Shi ya sa har yau hukumar yanayi ta Amurka ke horar da 'yan sa-kai masu duba hadari da ido su kira su faɗi abin da suka gani.

Domin cike giɓin nisa, masu bincike sukan ɗora ƙaramar rada a bayan babbar mota su matsa kusa. Da irin wannan ne aka auna iska mai gudun kimanin kilomita 480 a sa'a a cikin guguwar da ta afka wa yankin Mur na Oklahoma ranar 3 ga Mayu, 1999. Aiki ne mai haɗari. Guguwar El Rino ta 31 ga Mayu, 2013, wadda faɗinta ya kai kilomita 4.2, ta kashe masu bincike uku, cikinsu har da Tim Samaras.

Abin da ya shafe mu

Tonado irin ta Amurka ba kasafai ake samunta a Afirka ta Yamma ba. Hadarin da ke yaye mana kwano yana tuge bishiyoyi da turakun lantarki, musamman a farkon damina da ƙarshenta, wani iri ne daban. Hadurra ne da yawa suke jeruwa a layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita, su taso daga gabas su nufi yamma da gudun kimanin kilomita 50 a sa'a, holoƙo da iska a gaba, ruwa a baya. Irin waɗannan ne ke kawo mafi yawan ruwan da ake noma da shi a yankin Sahel, saboda haka alherinsu da ɓarnarsu tare suke tafe. Iskarsu miƙaƙƙiya ce. A allon rada, sashen layin da ya bunƙuro gaba kamar baka shi ne inda iska ta fi tsanani, kuma a gaban layin akan sami ƙananan juye-juye masu gajeren rai da ke ƙara ɓarna a ɗan wuri. A shekarun 2006 da 2007 masu binciken daminar Afirka ta Yamma sun kafa radar Dofla a Yamai, suka yi ta auna irin waɗannan layuka yayin da suke ratsa Jamhuriyar Nijar.

Akwai kuma iskar da ke rikitowa daga gindin hadari ta bugi ƙasa ta tarwatse ko'ina, wadda a allo take fitowa da kore da ja ɗaya a bayan ɗaya. Ita ce babbar abokiyar gabar jirgin sama a lokacin tashi da sauka. Binciken haɗarin jirgin Sosoliso a Fatakwal, ranar 10 ga Disamba, 2005, da na jirgin ADC a Abuja, ranar 29 ga Oktoba, 2006, wanda Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a cikinsa, duk sun ambaci sauyin iska na farat ɗaya a cikin hadari. Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003, ta tsara kafa radar Dofla guda shida a Abuja, Fatakwal, Legas, Kano, Yola da Maiduguri. Lissafin nisan da muka kawo a sama ya isa ya nuna cewa ko dukkansu suna aiki, ƙauyuka da dama suna waje. A ce rada tana Kano, igiyarta za ta bi ta saman Katsina a tsawon fiye da kilomita 2.5, Sakkwato kuwa mai nisan sama da kilomita 350 ta fita daga inda za a iya auna iskarta. Abin da ke cike wannan giɓi shi ne tauraron ɗan'adam na Meteosat, mai aiko da hoto kowane minti 10 zuwa 15. Yana ganin saman girgije da inda ya nufa, amma ba ya ganin juyin da ke cikinsa.

Duk da haka, layin hadarin da aka hango a nisan kilomita 100 gabas da gari yana ba da kimanin sa'o'i biyu, idan har saƙon ya isa. Saboda haka muna jan hankalin shugabannin ƙananan hukumomi, hakimai, dagatai da masu unguwanni da su ware wanda zai riƙa bibiyar sanarwar NiMet da ta gidajen rediyo a lokacin damina, ya kuma san wa zai kira: sarkin kasuwa a ranar kasuwa, shugaban makaranta, sarkin ruwa da masu kwalekwale a garuruwan bakin kogi. Idan iska ta taso, a shiga gini mafi ƙwari a nisanci taga. Rumfar kwano da gindin bishiya ba mafaka ba ne, ga haɗarin reshe ga na aradu.

Bayan hadari ya wuce, jami'in da ya fara isa wurin yana da aikin da babu na'urar da za ta yi masa. Kafin a fara kwashe tarkace, ya rubuta sunan ƙauyen da ranar da lokacin da iskar ta fara, ya ɗauki hoto da wayarsa, ya kuma lura da yadda abubuwa suka faɗi. Idan bishiyoyi da dangogi duk sun kwanta suna fuskantar gefe guda, yawanci yamma, iska miƙaƙƙiya ce. Idan sun bazu kamar yatsun hannu daga wuri ɗaya, iska ce ta rikito daga sama. Idan kuwa ɓarnar ta bi wata siririyar hanya, bishiyoyin sun faɗo suna gittawa juna zuwa tsakiyar hanyar, gidajen da ke gefe kuma ba abin da ya same su, to akwai alamar juyi, kuma ya kamata a rubuta faɗin hanyar da tsawonta. A haɗa wannan da rahoton asarar da ake aika wa hukumar agajin gaggawa ta jiha, a kuma aika kwafi ga ofishin NiMet mafi kusa.